Manna ta Kowace Safiya

Darasi a kan karanta Maganar Allah kowace rana

Karatu: Fitowa 16:11-31
Ayar haddacewa: Matiyu 4:4

Kafin ka ci gaba da wannan darasi, ka ɗauko Littafi Mai Tsarki naka ka karanta wurin da aka rubuta a sama. Idan sai ka neme shi tukuna, ko sai ka kakkaɓe ƙura daga bangonsa, ko kuwa yanzu ka tuna tun ranar Lahadi yana cikin jakar da ka je sujada da ita, to, kada kunya ta sa ka ajiye darasin nan. Dominka aka rubuta shi.

Masu bi da yawa suna ƙaunar Ubangiji da gaske. Suna zuwa sujada, suna ba da baiko, ba sa fashin zumunta. Amma daga Litinin zuwa Asabar Littafin a rufe yake. Sun sha yin niyya, musamman a farkon shekara ko bayan wani babban taro. Sai su fara da zafi, sura goma a rana ɗaya, kafin mako biyu wutar ta mutu. Niyya suna da ita, sabo ne babu. Bari mu ga yadda Allah da kansa ya koya wa jama'arsa sabon cin abincinsa kullum.

ABIN DA MANNA TAKE KOYA MANA

Da Isra'ilawa suka fito daga Masar, ba a yi wata biyu ba suka fara gunaguni saboda yunwa. Allah ya aiko musu da manna daga sama. Bayan shekara 40, Musa ya bayyana musu dalilin a Maimaitawar Shari'a 8:3. Allah ya bar su suka ji yunwa, sa'an nan ya ciyar da su, domin su gane cewa abin da yake riƙe ran mutum ya wuce abin da ake sawa a baki. Maganar da Allah ya faɗa ita ce take raya shi. Ashe manna makaranta ce. Ga darussa huɗu daga cikinta.

Na ɗaya, Allah ne ya bayar, amma mutum ne ya fita ya tara. Manna ba ta faɗo cikin tukunya ba. Littafin Ƙidaya 11:8 ya nuna mana mutane suna yawo suna tsinta, su niƙa ko su daka a turmi, su dafa. Wa'azin fasto da shirin rediyo tuwo ne da wani ya tuƙa maka, kuma muna gode wa Allah dominsu. Amma babba ba ya zama kullum yana jiran a ba shi a baki.

Na biyu, ta rana ɗaya ce. Waɗanda suka ƙi jin Musa suka ɓoye saura har gobe, da gari ya waye suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Ranar shida kaɗai aka yarda su tara ta kwana biyu saboda Asabar. Maganar Allah kam ba ta ruɓewa. Amma Allah yana so ka dogara gare shi yau, gobe kuma ka sāke zuwa. Ko ka ci tuwo akushi uku ranar Lahadi, ranar Laraba za ka nemi abinci.

Na uku, tana da lokaci. Da safe ake tara ta, in rana ta yi zafi sai ta narke. Wanda ya ce bari in ɗan ƙara barci, shi da iyalinsa za su wuni da yunwa.

Na huɗu, tana da mudu. Kowane mutum omer guda, wato wajen lita 2. Allah bai ce a cika rumbu ba. Abin da zai ishi mutum ya ci ya yi tafiyar ranar, shi ke nan. Haka suka yi har suka shiga ƙasar Kan'ana, fiye da safiya 12,000. Yau da gobe, in ji Bahaushe, ita ke sa allura ginin rijiya.

ME ZA KA RASA IN KA BAR SHI A RUFE?

A zamanin sarki Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, ana gyaran Haikali a Urushalima sai Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a. Ka lura da inda Littafin ya ɓace. A cikin ɗakin Allah ya ɓace. Firistoci suna nan, ana shiga ana fita, amma har kayan bautar Ba'al sun sami wurin zama a Haikalin. Da Shafan magatakarda ya karanta wa sarki Littafin, sarki ya yayyage tufafinsa, domin sai a ranar ya ga nisan da suka yi da Allah. Labarin yana cikin 2 Sarakuna 22 da 23. Littafi yana iya ɓacewa a gidan dattijon ikkilisiya, yana kan tebur kowa yana ganinsa.

Abu na farko da za ka rasa shi ne ma'auni. A yau masu wa'azi sun yi yawa, a rediyo, a talabijin, a WhatsApp da Facebook. Waɗansu bayin Allah ne na gaskiya. Waɗansu kuwa mai da ruwa da ƙyalle suke sayarwa da sunan albarka, suna raba talaka da ɗan abin da yake da shi. Dukansu suna jawo aya. Ka tuna, ko Shaiɗan da ya gwada Yesu a jeji ya jawo aya daga Zabura 91. Yesu bai ruɗe ba, gama ya san Littafin gaba da baya, ya amsa masa sau uku, duka ukun daga Maimaitawar Shari'a. Mutanen Biriya kuma, ko da yake manzo Bulus ne da kansa yake yi musu wa'azi, kowace rana suna komawa ga Littattafai su auna abin da ya faɗa. Ayyukan Manzanni 17:11 ya yaba musu saboda haka. In an auna Bulus, wane ne ba za a auna ba?

Abu na biyu shi ne guzuri. Yau kana kusa da majami'a, kana da fasto, kana da 'yan'uwa. Gobe fa? Saurayi ya tafi ci-rani Agadas ko Kwatano ko Abijan. An tura malamin makaranta ƙauyen da babu mai bi ko ɗaya. An kai yarinya aure nesa da gida. An kwantar da mutum asibiti wata guda. A irin waɗannan wurare ba wanda zai tuƙa maka tuwo. Wanda ya saba tara mannarsa da hannunsa zai tsaya. Wanda bai saba ba, yunwa za ta kai shi ga kowane akushi da aka miƙo masa. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar gwaji ce take nuna abin da mutum ya tara a zuciya.

LITTAFIN NAN BAI ZO HANNUNKA DA SAUƘI BA

Ya kamata ka san wahalar da aka sha kafin ka sami Maganar Allah da Hausa. A 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa aka kuma 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila. A can ya zauna da wani mai bishara, James Schön, ya taimake shi sanin Hausa sosai. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, bayan aikin shekaru na Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Wato shekara 75 tsakanin Matiyu da cikakken Littafi. A 1979 aka sami sabuwar fassara wadda yawancinmu muka tashi da ita, a 2020 kuma ga fassarar Sabon Rai Don Kowa. Yanzu har cikin waya ana samunsa, a karanta ko a saurara. Akwai kabilu da har yau suna jira su ji Maganar Allah da harshensu. Kai kuwa manna ta faɗo har ƙofar ɗakinka.

ABU UKU DA ZA KA TSAYAR

1. Lokaci. Wanda ya ce zan karanta in na sami sarari, ba zai karanta ba, gama sarari ba ya zuwa da kansa. Markus 1:35 ya nuna mana Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, bayan ya wuni yana warkar da marasa lafiya har dare. Daniyel yana riƙe da babban muƙami a mulki, duk da haka yana da lokatai uku na addu'a kowace rana. A garuruwanmu kiran sallar asuba yana tashin kowa. Maƙwabtanmu suna barin shimfiɗa cikin sanyin hunturu su tafi ibada. Kai da ka riga ka farka, me zai hana ka kunna fitila ka ba Ubangijinka minti 15?

Safiya ta fi, domin kai bai cika da hayaniyar duniya ba tukuna. Amma ba doka ba ce. Mai gadi da ya kwana a bakin aiki, da uwa mai goyo wadda jariri ya hana ta barci, kowa ya dubi yadda ranarsa take. Dabarar ita ce ka ɗaure karatun jikin wani abin da ba ka taɓa fashinsa. Kafin ka sha shayin safe. Kafin ki hura wuta. Kafin ka buɗe shago. Ɗan kabu-kabu, sa'ad da ka fake a inuwa da tsakar rana. Idan ka ce kullum kafin shayi, shayin da kansa zai riƙa tuna maka.

2. Wuri. Ba sai kana da ɗaki naka ba. Gindin bishiya ya isa, bayan rumbu ya isa, kusurwar zaure ta isa. Ka ajiye Littafin a inda idonka zai faɗa a kai da zarar ka farka, tare da alƙalami da ɗan littafin rubutu. In a waya kake karantawa, ka rufe intanet kafin ka fara. In ba haka ba, za ka shiga neman Markus ka fito bayan awa guda kana kallon bidiyo.

3. Mudu. A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, gama sukan ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Surorinsa 1,189 ne, 929 a Tsoho, 260 a Sabo. In ka karanta sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, za ka gama Sabon Alkawari cikin shekara guda daidai, gama 5 sau 52 shi ne 260. In ka karanta sura uku kowace rana, biyar ranar Lahadi, za ka gama Littafin duka cikin shekara. Wani fasto a ƙasar Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa ikkilisiyarsa tsari a 1842 na wajen sura huɗu a rana, Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Har yau ana amfani da shi. Amma in yanzu kake farawa, sura ɗaya ta ishe ka, ko ma rabi. Gara ƙaramin mudu kullum da buhu guda sau ɗaya a wata. Da yayyafi kogi kan cika.

DAGA INA ZAN FARA?

Kada ka rufe ido ka buɗe ko'ina ka ɗora yatsa, ka ce ga saƙona na yau. Littafi Mai Tsarki ba bugun ƙasa ba ne. Ka ɗauki littafi guda ka bi shi daga farko har ƙarshe, yadda kake karanta wasiƙar da aka aiko maka daga gida.

Ga shawarata. Ka fara da Markus, sura 16, gajere ne kuma labarinsa yana tafiya da sauri. Ka bi da Luka, sura 24, da Ayyukan Manzanni, sura 28, gama mutum ɗaya ne ya rubuta su, na biyun ci gaban na farkon ne. Sai Yahaya, sura 21. Duka kwana 89 ke nan, kusan wata uku, ka yi tafiya da Yesu da manzanninsa. Daga nan ka koma Farawa da Fitowa, sa'an nan wasiƙun Bulus. In kana so ka ƙara, Karin Magana sura 31 ce, ka ɗauki surar da ta yi daidai da kwanan wata. Sa'ad da ka kai Littafin Firistoci, inda mutane da yawa suke ajiye kaya, ka haɗa shi da wasiƙar Ibraniyawa, za ka ga dukan hadayun nan Almasihu suke nunawa.

Ka sani kuma, annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobin sura da aya ba. Surorin da muke bi, wani babban limamin ikkilisiya a Ingila, Stephen Langton, ya tsara su a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna taimakonmu neman wuri, amma kada ka tsinke aya ɗaya daga 'yan'uwanta. Ka duba abin da yake gabanta da abin da yake bayanta.

YADDA ZA KA CI

Ka fara da gajeriyar addu'a, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki wanda ya hure Maganar ya buɗe maka ita. Ka karanta a hankali, da murya in da hali, gama kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Sa'an nan ka yi wa wurin tambaya huɗu. Me ya faru, ko me aka faɗa a nan? Me wurin ya koya mini game da Allah? Me ya nuna mini game da kaina? Me zan yi yau saboda abin da na karanta?

Bari mu gwada da Markus 4:35-41. Me ya faru? Yesu da almajiransa suna haye teku da yamma, hadiri ya taso, jirgi ya fara cika da ruwa, shi kuwa yana barci. Suka tashe shi suna zarginsa da rashin kula, ya tsauta wa iska, wuri ya yi tsit. Me na koya game da Allah? Yesu mutum ne na gaske da yake gajiya har ya yi barci, kuma Ubangiji ne da iska take yi wa biyayya. Me na gani game da kaina? Shi ne ya ce su haye, duk da haka hadiri ya same su, wato wahala ba shaida ba ce cewa na kauce daga nufinsa. Ni ma in abu ya tsananta nakan ce Allah ya manta da ni. Me zan yi yau? Zan kai masa zancen kuɗin makarantar yaran nan cikin addu'a kafin in kai wa kowa ƙara. Ka gani? Aya bakwai kawai, ga abincin wuni.

Ka rubuta layi ɗaya ko biyu a ɗan littafinka, da kwanan wata. Ka ɗauki aya guda ka tafi da ita gona ko kasuwa, kana juya ta a zuciya kamar yadda saniya take tuƙa bayan ta dawo daga kiwo. Wannan shi ne bimbinin da Zabura 1 da Joshuwa 1:8 suke magana a kai. Tambaya ta huɗu kuwa kada ka tsallake ta. Yakubu 1:22-25 ya kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi madubi, ya juya baya ya manta kamanninsa.

AMSA GA WAƊANSU DAMUWOYI

"Ban iya karatu ba." 'Yar'uwa, ɗan'uwa, ba a bar ka a baya ba. A Nehemiya 8, Ezra ne ya karanta tun safe har tsakar rana, jama'a maza da mata suna kasa kunne, Lawiyawa suna fassara musu. Wahayin Yahaya 1:3 ya sa albarka a kan mai karantawa da masu saurara gaba ɗaya. Ka sa ɗanka ko jikanka ya karanta maka. Ka nemi a sa maka Littafi Mai Tsarki na murya a katin waya. Ka kuma shiga ajin yaƙi da jahilci in ikkilisiyarku tana da shi, gama ba a tsufa da koyo.

"Da Faransanci na yi makaranta, Hausa tana yi mini wuyar karantawa." Wannan damuwa ce ta matasa da yawa a Nijar da Kamaru da Cadi. Abin bai kai yadda kake tsoro ba. Ana rubuta Hausa yadda ake faɗarta. Ka koyi ɓ da ɗ da ƙ, ka gane cewa c ita ce ta ciki da cuta, sh ta shanu, u kuma ta uwa. Mako guda kana karantawa da murya, bakinka zai sake. In kuwa ka fi ganewa da Faransanci ko Turanci ko harshenku na gida, ka karanta da shi. Abin nema shi ne Maganar ta shiga zuciya.

"Ina karantawa ba na ganewa." Baban nan na Habasha, ma'ajin sarauniya, yana karanta Ishaya cikin karusarsa bai gane ba. Bai jefar da littafin ba, ya ci gaba har Allah ya aiko masa Filibus. Manzo Bitrus ma ya yarda akwai abubuwa masu wuyar ganewa cikin wasiƙun Bulus. Mai cin kifi yakan ci tsoka ya ajiye ƙaya gefe. Ka yi aiki da abin da ka gane, ka rubuta wanda ba ka gane ba ka kai wa fasto ko wani dattijo. Matambayi ba ya ɓata.

"Damina ta zo, ba lokaci." Gaskiya ne, lokacin shuka da noma mutum yakan fita tun da duhu ya dawo a gajiye. Ka rage mudu, amma kada ka kife shi. Aya biyar a bakin gona sa'ad da kake shan fura sun fi babu. Zabura 117 aya biyu ce kawai. In an yi girbi sai ka koma mudunka na dā.

"Ba na jin komai." Isra'ilawa ma sun gaji da manna, suka fara marmarin kifi da albasa da tafarnuwar Masar, ƙasar bautarsu. Amma mannar nan da suka raina ita ta kai su bakin Urdun. Ba za ka iya tuna miyar da ka sha ranar Talata ta watan jiya ba, duk da haka ta yi aikinta a jikinka. Akwai ranar da aya za ta sa ka hawaye, akwai ranar da za ka rufe Littafin kamar ba abin da ya faru. A duka biyun ka ci abinci.

"Na fara, na yi fashi." Ka dawo. Kada ka ce sai ka biya bashin sura 30 kafin ka ci gaba, bashin nan ne yake kashe masu karatu da yawa. Ba'isra'ilen da ya makara yau, gobe da safe zai tarar da sabuwar manna a ƙofarsa. Ka ɗora daga inda ka tsaya. Makoki 3:22-23 ya tuna mana cewa kowace wayewar gari da sabon jinƙan Allah take zuwa. Ka nemi aboki guda kuma, ku riƙa tambayar juna abin da kuka karanta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAI DA GIDANKA

A jeji, maigida yana tara manna bisa ga yawan mutanen da suke cikin alfarwarsa. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ya ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu Maganar a zaune da a tafe, da dare da safe. Timoti ya san Littattafai tun yana ƙarami, ta wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, ko da yake mahaifinsa Bahelene ne. Awa guda ta makarantar Lahadi ba za ta iya aikin kwana bakwai ba. Bayan tuwon dare, kafin a naɗe tabarma, ku yi waƙa ɗaya, yaro ya karanta 'yan ayoyi, ku yi tambaya ɗaya ko biyu, wani ya yi addu'a. Minti goma sun isa. Maigida, aikinka ne ka ja gaba. In ba ya nan, uwargida, ki riƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In kuwa kai kaɗai ne mai bi a gidanku, ka yi karatunka cikin natsuwa da hikima, ka girmama iyayenka, ka yawaita haddacewa. Abin da yake cikin zuciya ba mai iya ƙwace shi.

GARGAƊI NA ƘARSHE

Littafi Mai Tsarki ba laya ba ne da za a sa ƙarƙashin matashi domin korar mugun mafarki. Karatunsa kuma ba kuɗin sayen ceto ba ne. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Almasihu, Allah ba ya ƙara ƙaunarka ranar da ka karanta sura biyar, ba ya rage ta ranar da ka yi fashi. A Yahaya 5:39-40 Yesu ya yi magana da mutanen da suka ƙware a binciken Littattafai, amma suka ƙi zuwa wurin wanda Littattafan suke shaida. A sura ta 6 kuma ya tuna wa jama'a cewa kakanninsu da suka ci manna sun mutu, ya nuna kansa shi ne abincin da mai cinsa zai rayu har abada. Saboda haka duk safiyar da ka buɗe Littafin, Yesu kake nema. Ka je ka ji muryarsa, ka amsa masa cikin addu'a, ka tashi ka yi abin da ya ce.

TAMBAYOYI DOMIN BIMBINI

1. Cikin darussa huɗu na manna, wanne ne ya fi taɓa ka, don me?
2. In aka kai ka inda babu majami'a har shekara guda, me kake da shi a zuciya da zai riƙe ka?
3. Wane abu ne yake cinye minti 15 na farkon ranarka yanzu?
4. Wane ne a gidanku ko a unguwarku bai iya karatu ba, wanda za ka riƙa karanta masa?

AIKIN WANNAN MAKO

A bangon ɗan littafinka ka rubuta lokacinka, da wurinka, da mudunka. Ka faɗa wa mutum ɗaya abin da ka rubuta. Yau da dare ka sa alama a Markus sura 1, ka ajiye Littafin kusa da shimfiɗarka. Gobe da safe ka fara.

ADDU'A

Ya Uba na sama, na gode maka domin ba ka bar ni cikin jejin duniyan nan ba abinci ba. Na gode domin bayinka da suka sha wahala har Maganarka ta zo mini da harshen da nake ji. Ka ba ni yunwar Maganarka. Ka tashe ni kowace safiya in tara rabona, ka buɗe hankalina in gane, ka ba ni ƙarfi in aikata. Ranar da na yi sanyi, ka jawo ni in dawo. Ka ciyar da ni da gidana da Almasihu, abincin rai. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.